Ƙari a ƙashin ƙwauri: ba kullum ake yanke ƙafa ba

In likita ya ce akwai ƙari a ƙashin ƙwaurinka ko na ɗanka, abin da zai fara faɗo maka a rai shi ne yanke ƙafa. Tsoron nan ne ke sa wasu sulalewa daga asibiti su nufi gidan mai ɗori. Amma akwai aikin da ake cire wurin da ya lalace a bar maka ƙafarka.

Mene ne ƙarin ƙashi?

Tsiro ne da ke girma a cikin ƙashi yana cin sa kamar yadda gara ke cin azara. Wani iri ba kasafai yake bazuwa ba, ya fi kama masu shekara 20 zuwa 40, dab da gwiwa. Wani kuwa daji ne, ya fi kama matasa, kuma yana iya kaiwa huhu. Ba a bambance su da ido. Sai an ɗauki hoto, an kuma ɗebi ɗan yankin ƙarin an gwada.

Da me za a cike gurbin?

Da ƙashinka. Shafa gefen ƙafarka ta waje, daga idon sawu zuwa gwiwa: akwai wani siririn ƙashi kusa da na ƙwauri. Kaɗan yake ɗauka daga nauyin jiki, don haka likita na iya yanko tsakiyarsa ya dasa a gurbin, ya ɗaure da ƙarfe da kusoshi, kuma ba za ka rasa tafiya ba. In ramin ƙarami ne, daga ƙashin ƙugu ake ɗebowa a cusa.

Kada sirantar wancan ƙashin na gefen ƙwauri ta karya maka gwiwa. Dashen yana haɗewa da tsohon ƙashi, yana kuma ƙara kauri a hankali idan aka fara taka ƙafar. Akwai ma dabarar da likitan Rasha Gavriil Ilizarov ya ƙirƙiro, inda ake kewaye ƙafa da zoben ƙarfe ana jan ƙashi kimanin milimita 1 a rana, sabo yana tsirowa a baya.

Wa ake iya yi wa?

Wanda ya zo da wuri. Ƙarin da ya riga ya cinye jijiyoyi, ko ya fashe ya zama gyambo, sau da yawa ba ya barin wata mafita sai yankewa. Tsaga, ƙaho da matsa na ƙara ɓata wurin. Mai ɗori ya san karaya, wannan kuwa ba karaya ba ce. Ciwon ƙashi mai hana barci da dare, ko kumburin da ya ƙi sacewa, ka kai shi Asibitin Ƙashi na Wamakko ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala.

Nawa zai ci?

Ya danganta da irin ƙarin. Ka sa hotuna, gwaji, ƙarfe, jini da zaman jinya a lissafi, in daji ne kuma har da allurar kashe shi kafin aiki da bayansa. Nemi likita ya rubuta maka kiyasi tun farko. Ka kuma tanadi abin da gida zai ci, domin za ka yi watanni kana dogara sanda kafin a ba ka izinin taka ƙafar sosai.