Kalkuleta Mai Ɗaukar Karatu

Yau shirin namu na musamman ya shiga birnin Zazzau ta Ƙofar Doka, kuma abin da ya kawo mu ɗan ƙarami ne, a aljihu ma yake kwana: kalkuleta.

Mu fara da tela, tunda Zariya gidan ɗinki ce. Duk wanda ya zo ɗinkin babbar riga, lissafin iri ɗaya ne: yadi nawa, nawa ne kuɗin yadi, sai ladan ɗinki da na aiki. Gab da Sallah, tela zai maimaita wannan har ya gaji, kuma a gajiyar nan kuskure ke shigowa. To akwai kalkuletar da ake koya wa lissafin sau ɗaya ta haddace.

Ga yadda abin yake. A cikinta akwai ma'ajiyai masu sunan haruffa, A, B, C, kamar ƙananan akwatuna. Sai ka rubuta mata umarni bi da bi: tambaye ni yawan yadi ki ajiye a A, tambaye ni farashi ki ajiye a B, ki ninka su, ki ƙara lada, ki nuna mini jimla. Shi ke nan, ka rubuta firogiram. Gobe lambobi kawai za ka ba ta. Har sharaɗi tana karɓa: idan yadi ya wuce goma, ki yi ragi. Wanda ya gane jeri da sharaɗi da maimaitawa, wallahi ya riƙe ginshiƙin da manhajojin wayarsa suke tsaye a kai.

Abin ba na yau ba ne. A 1974 kamfanin Hewlett-Packard na Amurka ya fito da HP-65, mai ɗaukar umarni 100, ana adana su a ɗan siririn kati. A 1975 'yan sama-jannati suka tafi da ita sararin samaniya. Yau masu awon filaye suna aiki da irin su Casio fx-5800P.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta jiran wutar NEPA, ba ta cin data. Ko fx-991ES da ke jakar ɗalibai da yawa, duk da ba ta ɗaukar cikakken firogiram, tana da maɓallin CALC: ka rubuta ƙa'idar lissafi, ita kuma ta riƙa tambayarka lambobi.

Gaskiya ne WAEC ta hana shiga jarrabawa da kalkuleta mai firogiram, kuma hanin daidai ne. Amma ba a hana ta a aji ba.

Don haka malaman lissafi, daga Kwalejin Alhudahuda har Barewa, muna roƙonku ku ware darasi ko da ɗaya a wannan zangon, ku sa yara su rubuta umarninsu na farko da hannunsu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.