Tiyatar ɗame fuska: Abin da sunayen talla ke faɗa da abin da suke ɓoyewa

Duk wanda ya taɓa cin karo da tallar asibitin kwalliya a Instagram ko TikTok, na Istanbul ne ko na Dubai ko na Legas, ya ga jerin sunaye masu ɗaukar hankali: Mini Lift, Weekend Lift, Ponytail Lift, MACS, Deep Plane, Vampire Facelift. Kowane suna da hotonsa na "kafin aiki" da "bayan aiki", kowanne kuma da farashinsa. Mai kallo zai zaci kowane ɗaya aiki ne daban da wata hukuma ta gwada ta amince da shi. Ba haka zancen yake ba. Wasu daga cikin sunayen nan dabarun fiɗa ne da likitoci suka bayyana a mujallun ilimi, wasu tambarin kasuwanci ne kawai, wasu kuwa ko wuƙa ba a sawa a cikinsu.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ya san sunan da aka buga a gefen atamfa ba shi ne audugar ba. Sai ya murza ta a hannu kafin ya yi ciniki. Bambancin shi ne atamfa in ta yi zuba a jefar da ita, fuska kuwa guda ɗaya ce.

Domin gane sunayen, tilas a fara da yadda fuska take. A ƙarƙashin fata da kitsen da ke manne da ita akwai wata shimfiɗa ta tsoka da tantani wadda ta lulluɓe kumatu, ta gangara ta haɗe da siririyar tsokar wuya. Likitoci biyu a birnin Paris, Mitz da Peyronie, su ne suka yi cikakken bayaninta a 1976, kuma tun lokacin ake kiranta da gajeren suna SMAS. A ƙarƙashin wannan shimfiɗa ne rassan jijiyar da ke motsa fuska suke bi, wato jijiyar da ke sa mutum ya yi murmushi, ya ɗaga gira, ya rufe ido. Idan shekaru suka ja, ba fata kaɗai ke saki ba. Shimfiɗar ma tana zamewa ƙasa, shi ya sa kumatu ke zubowa a gefen muƙamuƙi, wuya kuma ya yi tamoji.

Likitocin farko fata kawai suke ja. Ana danganta aikin farko ga wani likitan Berlin, Eugen Holländer, a 1901, wanda ya yanke 'yan guntayen fata a gaban kunne ya ɗinke. Suzanne Noël ta Faransa ta wallafa littafi kan irin wannan fiɗa a 1926. Matsalar ita ce fata tana miƙewa, don haka bayan ɗan lokaci sai ta sake saki, in kuma aka ja ta da ƙarfi sai fuska ta zama kamar fatar ganga. A 1974 ne Tord Skoog na ƙasar Sweden ya nuna cewa ɗaga abin da ke ƙarƙashin fata ya fi ɗorewa. Daga nan zuwa yau, kusan duk muhawarar likitoci a kan tambaya ɗaya take: me za a yi wa shimfiɗar SMAS?

Amsoshin ba su da yawa. Wani likitan yakan ninke ta da ɗinki ba tare da ya yanke ta ba. Wani yakan yanke wani yanki daga cikinta ya haɗa bakin. Wani kuma yakan shiga ƙarƙashinta, ya saki igiyoyin naman da suka ɗaure ta da ƙashi, ya ɗaga ta tare da fata a matsayin abu guda. Wannan ta ƙarshe ita ce Deep Plane, wadda Sam Hamra na birnin Dallas a Amurka ya bayyana a 1990, kuma ita ce ake yayi yanzu a tallace-tallace kamar jiya aka ƙirƙiro ta. MACS kuwa likitoci biyu ne na birnin Ghent a Beljiyam, Tonnard da Verpaele, suka wallafa ta a 2002: gajeren yanka a gaban kunne, sannan a zagaya shimfiɗar da zare kamar bakin zabira, a ja ta sama. Waɗannan sunaye suna da ma'ana, domin kowane likitan fiɗa a duniya zai iya karanta yadda ake yin su, ya kuma soki sakamakonsu.

Wacce ta fi? A 1995 an yi wani gwaji da har yanzu ake kafa hujja da shi. Fitattun likitoci huɗu, ciki har da Hamra kansa, sun yi wa mata huɗu aiki, tagwaye biyu-biyu masu kama ɗaya, kowane likita da dabararsa. An bi diddigin matan har shekara goma, aka wallafa sakamakon a 2009. Dukkansu sun ci moriyar aikin, kuma ba a sami dabarar da ta yi wa sauran fintinkau ba. Mata huɗu ba su isa a yanke hukunci a kansu ba, amma sun isa su sa mutum ya yi shakkar duk tallar da ta ce dabararta kaɗai ce mafita.

Sauran sunayen daga kasuwa suka fito, kuma akwai dalili. Hukumar FDA ta Amurka magunguna da na'urori take tantancewa, ba ta tantance salon fiɗa. Tun 1996 kuma dokar ƙasar ta hana a kai likita ƙara don ya yi amfani da dabarar fiɗa da wani ya yi wa rajistar mallaka. Tunda ba za a iya killace dabara ba, sai aka koma killace suna. Likita ko kamfani ya ƙirƙiro suna mai daɗin faɗa, ya yi masa rajista, ya zuba kuɗi a talla. Rajistar tana kare sunan ne kawai. Ba ta shaida cewa aikin sabo ne, balle ya fi na wasu. Shi ya sa Mini Lift a asibiti ɗaya kan zama cikakken aiki a kan SMAS ta gajeren yanka, a wani asibitin kuma ɗan jan fata ne irin na zamanin Holländer, sai dai da farashin yau.

Labarin kamfanin Lifestyle Lift ya isa misali. An kafa shi a jihar Michigan a 2001, ya buɗe rassa da dama a faɗin Amurka, yana tallar gyaran fuska cikin kimanin awa ɗaya ba tare da an sa mutum barci ba. A 2009 ofishin babban lauyan jihar New York ya gano ma'aikatan kamfanin ne ke shiga intanet suna rubuta yabo da sunan masu jinya da suka ji daɗin aikin. Kamfanin ya amince ya biya tarar dala 300,000. A watan Maris na 2015 ya rufe ƙofofinsa kwatsam, ya bar waɗanda ke jiran a duba ɗinkinsu ba su san wurin wa za su nufa ba.

Akwai kuma waɗanda ke aron kalmar ɗame fuska alhali babu fiɗa. Ɗaga fuska da zare, inda ake cusa zaruruwa masu ƙananan ƙayoyi a ƙarƙashin fata, yana yin tasiri na ɗan lokaci kawai, kuma wani samfurinsa da ya yi tashe mai suna Contour Threads an janye shi daga kasuwa a 2007. Vampire Facelift suna ne da wani likitan jihar Alabama, Charles Runels, ya yi wa rajista: ana ɗibar jinin mutum, a tace wani sashe nasa, a mayar masa a fuska da allura tare da sinadarin cike gurbi. Ba ya cire fata ko ɗaga tsoka. Rashin wuƙa kuma ba ya nufin rashin haɗari. A watan Afrilun 2024 hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoton mata uku da suka kamu da cutar HIV bayan an yi musu makamancin wannan aiki a wani shagon kwalliya marar lasisi a jihar New Mexico, wanda aka rufe tun 2018.

Ita kanta tiyatar gaskiya tana da nata haɗurran, kuma ba sa duba suna. Wanda ya fi aukuwa shi ne taruwar jini a ƙarƙashin fata cikin kwana ɗaya ko biyu na farko, ya kuma fi samun maza da masu hawan jini. Jijiyar ji ta kunne takan taɓu, kunne ya mutu na tsawon watanni. In aka yi rashin sa'a reshen jijiyar motsi ya yanke, baki kan karkace ko gira ta ƙi ɗaguwa. Mai shan taba kuwa fatarsa na iya ruɓewa a bakin ɗinki saboda ƙarancin jini. Kumburi da kwanciyar jini kan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin mutum ya iya shiga jama'a, komai abin da sunan Weekend Lift ke son a zata.

Abubuwa biyu sun fi shafar baƙar fata, kuma hotunan talla, waɗanda galibi na Turawa ne, ba sa nuna su. Na farko shi ne tabo mai tsiro, irin wanda ke fitowa wasu mata a kunne bayan huda. Yankan wannan tiyata daidai gaban kunne da bayansa yake bi. Na biyu shi ne man bilicin, musamman mai ɗauke da sinadarin siteroyid, wanda ke sa fata ta yi laushi fiye da kima, rauni ya yi jinkirin warkewa. Wadda ta ɓoye wa likita cewa tana shafa shi, kanta ta cuta.

Saboda haka tambayoyin da ke da amfani a ɗakin likita ba su shafi suna ba. A wace shimfiɗa za a yi aikin, fata kaɗai ko har SMAS? Daga ina zuwa ina yankan zai bi? Wuya yana ciki? Wa zai riƙe wuƙar, wa zai kula da maganin barci, kuma ina za a kai mutum in jini ya taru da tsakar dare? A Najeriya ana iya bincika rajistar likita a hukumar MDCN, ƙwararrun wannan fanni kuma suna da ƙungiyarsu ta NAPRAS. Mai niyyar fita waje yana da ƙarin tambaya guda, domin yawancin tsare-tsaren tafiya kwanaki kaɗan ne: wane likita ne a Kano ko Abuja ya yarda tun kafin tafiya zai karɓi ɗinkin da wani ya yi a Istanbul, in ya buɗe bayan an sauka daga jirgi?