Shaton ruwan garinku, na wa ne?

Mai sauraro, in ka ji ana batun sayar da tsohon injin ruwa ko filin da shato yake kai, fara tambaya: kayan wa ne?

A Nijar amsar kashi biyu ce. A birane kamar Maraɗi da Damagaram, bututu da shato na hannun kamfanin gwamnati SPEN, NDE kuma ke raba ruwa tun 2024, bayan SEEN. A nan magajin gari ba ya da ikon sayar da ko ƙusa.

A karkara kuwa, dokar ruwa ta 2010 ta ɗora nauyin a kan ƙaramar hukuma. Ɗan kwangilar da ke karɓar kuɗinku a bakin famfo amana aka ba shi, ba gado ba. Cikin kuɗin nan akwai kason da ake ajiyewa don sauya inji in ya mutu.

To, ka je ofishin magajin gari ko kantoma, ka nemi ganin kwangilar, ka tambayi nawa ke asusun. Ranar da injin ya tsaya, matanku da yaranku ne za su koma rijiya.