Bayanin raini: Yadda ake gane namijin da ke koya wa mace abin da ta fi shi sani

A shekarar 2003, a wata liyafa da aka shirya kusa da garin Aspen na jihar Kolorado a Amurka, mai masaukin baƙi, wani attajiri, ya tsayar da marubuciya Rebecca Solnit yana tambayar ta a kan me take rubutu. Ta fara gaya masa cewa littafinta na baya-bayan nan a kan Eadweard Muybridge ne, mai ɗaukar hoton nan ɗan asalin Ingila da ya yi suna da hotunan doki yana sukuwa. Ba ta kai ƙarshen jimla ba ya karɓe zancen. Ya tambaye ta ko ta ji labarin wani muhimmin littafi da ya fito a shekarar a kan Muybridge, kuma bai jira amsa ba ya shiga zuba mata bayaninsa.

Ƙawar Solnit da ke tsaye a wurin ta ce masa ai littafinta ne. Bai saurara ba. Sai da ta maimaita sau uku ko huɗu kafin maganar ta shiga kunnensa, fuskarsa ta sauya. Ashe ma bai karanta littafin ba, sharhinsa kawai ya gani a jarida.

Shekara biyar bayan haka, a watan Afrilun 2008, Solnit ta ba da wannan labari a wata maƙala mai suna Men Explain Things to Me, wato maza suna yi mini bayanin abubuwa. Ba ita ta ƙirƙiri kalmar mansplaining ba, amma maƙalarta ce ta share mata hanya. A cikin shekarar kalmar ta ɓulla a intanet, haɗin kalmomin Turanci biyu masu nufin namiji da yin bayani. Ƙamus ɗin Macquarie na Ostireliya ya zaɓe ta kalmar shekarar 2014, Merriam-Webster na Amurka kuma ya shigar da ita a 2018. Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da ita, ko da yake tana da danginta: iya-yi, shishshigi, katsalandan. Abin da ya fi kusa shi ne a ce bayanin raini, domin raini ne ya bambanta shi da sauran bayanai.

Tambayar da ba a yi ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa duk namijin da ya yi wa mace bayani ya aikata wannan laifi. Da haka ne, da malamin jami'a ba zai shiga aji ba, da makaniki ba zai gaya wa mai mota abin da ya lalace ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Matsalar tana farawa ne tun kafin a buɗe baki, a cikin zaton da mutum ya riga ya yi cewa wadda ke gabansa ba ta sani ba, alhali ba shi da wata hujja sai kasancewarta mace.

A watan Yulin 2018, Kim Goodwin, wata ƙwararriya a fannin tsara manhajoji, ta zana wani ɗan jadawali saboda abokan aikinta maza da ke tambayar ta ko abin da suke yi ya shiga wannan layi. Ta wallafa shi a Twitter, ya zagaya duniya. Tambayoyin da ke ciki ba su da wuya: shin ita ta nemi bayanin? Shin ka fi ta gogewa a wannan fanni? Shin namijin da ke da irin karatunta da gogewarta zai buƙaci a yi masa wannan bayani? Ta ƙarshen ce ta fi kaifi. A ɗauka a wani ofishi ana taro kan kasafin kuɗi, akanta mace mai shekara goma a bakin aiki ta gama gabatar da lissafi, sai wani jami'i daga wani sashe ya ce, "Hajiya, bari in fahimtar da ke yadda ake cire haraji." Abin dubawa a nan shi ne ko zai iya duban akanta namiji mai shekara goma a aiki ya ce, "Yallaɓai, bari in fahimtar da kai." Idan harshensa zai yi nauyi a can amma bai yi nauyi a nan ba, to an gano inda gizo ke saƙar.

Kasancewar bayanin gaskiya ne ba ya wanke mai yin sa. A 2016, Jessica Meir, 'yar sama jannatin hukumar NASA, ta wallafa bidiyonta a cikin wani ɗakin gwaji da aka zuƙe wa iska har ya yi daidai da tsayin ƙafa 63,000 a sama, inda ruwa ke tafasa ba wuta. Nan take wani mutum ya zo yana yi mata bayanin cewa raguwar matsin iska ce ta jawo haka, abu ne mai sauƙi. Bai yi ƙarya ba. Sai dai wadda yake koya wa tana da digirin digirgir, ta yi shekaru tana nazarin yadda jikin dabbobi ke jure ƙarancin iska, kuma ita ce ke sanye da kayan sama jannati a cikin ɗakin. Shekara uku bayan nan, a Oktoban 2019, ita da Christina Koch suka zama mata na farko da suka fita aiki a wajen tashar sararin samaniya ba tare da namiji ba.

Alamar da ta fi kowace fitowa fili kuwa tana zuwa ne bayan macen ta nuna ta sani. Mutumin da ya yi zaton kuskure da zuciya ɗaya, da zarar an ce masa "ai fannina ne", sai ya ja baya, wataƙila har ya mayar da bayaninsa tambaya. Mai bayanin raini kuwa ci gaba yake yi, ko ya ƙara ɗaga murya, ko ya sauya akalar zancen zuwa wani lungu da yake ganin zai fi ta, ko ya maimaita abin da ta faɗa yanzu da kalmominsa, ya karɓi jinjinar 'yan taro. Galibi ba ya ma lura. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Akwai kuma yadda ake kiran mutum. Wani bincike da aka yi kan tarukan likitoci a asibitin Mayo na Amurka, aka wallafa a 2017, ya gano cewa idan namiji ne ke gabatar da mai jawabi, yana kiran ɗan'uwansa namiji da laƙabin Dakta a kusan kashi 72 cikin 100 na lokuta, amma idan mace ce, abin bai kai rabi ba. Duk wanda ya taɓa zama a layin asibiti a Najeriya ya ji ana kiran likita mace "nas" ko "sista", ko da abin auna bugun zuciya na rataye a wuyanta. Wanda ya sauke wa mace muƙaminta tun a gaisuwa, ba zai yi masa wuya ya koya mata aikinta ba.

Shirun da ake yi wa gurguwar fassara

A zancen Hausawa lamarin yana da wata sarƙaƙiya da jadawalin Goodwin bai taɓo ba. An tarbiyyantar da mace a kan kunya da kawaici, kada ta tari numfashin babba, kada ta yi musu da namiji a bainar jama'a. Don haka idan wani ya ɗauko bayanin abin da ta karanta shekara shida a jami'a, abin da ya fi yiwuwa shi ne ta yi murmushi ta ce, "Haka ne, Malam." Shi kuwa sai ya ɗauki wannan "haka ne" a matsayin shaidar cewa ya ilmantar da ita, gobe ma ya ƙara. Ladabinta ya zama hujjar jahilcinta a wurinsa.

Shekaru ma suna shiga tsakani. Dattijo ya yi wa yarinya dogon bayani, ba lalle raini ne na jinsi ba, domin haka zai yi wa saurayi. Amma idan ƙaramin ma'aikaci da bai shekara biyu da gama hidimar ƙasa ba ya tsaya yana koya wa shugabar sashensa yadda ake rubuta takardar ofis, girman shekaru ba zai zama uzuri ba, tunda ba shi da shi. Hatta lafazin ladabi na "ba don na katse miki hanzari ba" yana iya zama ƙofar shiga: an nemi afuwa da baki, an kuma ƙwace zancen ba a mayar ba.

Abin ba ya tsayawa a ɓacin rai. Solnit ta danganta shi da wata matsala mafi girma, ta ƙin gaskata mace a kan abin da ta gani da idonta ko ya faru a jikinta. Majinyaciyar da ke cewa ciwon nan ba irin wanda ta saba ba ne, ana ce mata haka mata suke ji, tana fuskantar zato iri ɗaya da wanda akantar can ta fuskanta, sai dai nata na iya cin rai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wurin aiki kuwa, wadda aka saba katsewa takan rage magana, wadda ta rage magana kuma ba a tuna ta ranar ƙarin girma.

Masu ja da kalmar

Kalmar tana da masu suka, kuma ba duka ne marasa hujja ba. Ita kanta Solnit ta ce tana da shakku a kanta, domin tana iya nuna kamar aibin a jinin kowane namiji yake. Wasu sun mayar da ita sandar rufe baki: da zarar namiji ya kawo hujjar da ba ta yi musu daɗi ba, sai a jefa masa ita a huta. A Fabrairun 2016, a wani zaman kwamitin Majalisar Dattawan Ostireliya, Sanata Katy Gallagher ta zargi minista Mitch Fifield da wannan ɗabi'a, shi kuma ya mayar mata cewa da shi ne ya jefi mace da makamanciyar kalmar, da an ce ya ci zarafi. Aka bar batun da ake tattaunawa aka koma kan kalma. A ƙarshen shekarar, da ƙungiyar ƙwadago ta Unionen a Suwidin ta buɗe layin waya na mako guda don karɓar koke kan lamarin, maza da dama sun yi mata ca, suna cewa an yi musu kuɗin goro.

Binciken masana ma bai ba kowane ɓangare duk abin da yake so ba. A 1975, Don Zimmerman da Candace West sun naɗi hirarraki a Kalifoniya, suka ƙirga katsewa 48 a hirar mace da namiji, 46 daga ciki maza ne suka yi. Adadin ya girgiza mutane, amma hirarrakin ba su da yawa. Da Kristin Anderson da Campbell Leaper suka tattara bincike 43 a 1998, sai suka ga bambancin yana nan amma bai kai haka girma ba, kuma ya fi bayyana a irin katsewar da ake yi don ƙwace zance, musamman a cikin taron mutane. Mata ma suna yi wa mata bayanin raini, masu kuɗi suna yi wa talakawa, 'yan boko suna yi wa manoman da suka gaji gona kaka da kakanni. Abin da ya keɓe wannan nau'in shi ne ko muƙami ba ya kare mace daga gare shi.

Kotun Ƙolin Amurka ta isa misali. A 2017, Tonja Jacobi da Dylan Schweers na Jami'ar Northwestern sun bi rubutattun bayanan zaman kotun na shekaru, suka gano cewa alƙalai maza suna katse takwarorinsu mata kusan ninki uku na yadda suke katse junansu. Har lauyoyi maza, waɗanda ƙa'idar kotu ta wajabta musu yin shiru da zarar alƙali ya fara magana, suna katse alƙalai mata. Sun kuma lura cewa da tafiya ta yi nisa, alƙalai matan sukan daina buɗe tambaya da neman izini ko ban haƙuri, domin a daidai wannan gaɓar ake shigar musu.

A Oktoban 2021, Mai Shari'a Sonia Sotomayor ta shaida wa wani taro a Jami'ar New York cewa irin wannan bincike yana cikin dalilan da suka sa kotun ta sauya tsarin sauraron ƙara. Yanzu, bayan lauya ya cinye lokacinsa, ana bin alƙalan ɗaya bayan ɗaya bisa daɗewarsu a kujera, kowa ya yi tambayarsa har ya gama.