Ramin ma'adinai ya rufta: shin 'ƙaddara ce' ta isa amsa?

Ranar Lahadi 7 ga Nuwamban 2021 ramukan haƙar zinare suka rufta a Garin Liman, yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, ba nisa da iyakar Jibiya. Aƙalla mutum 18 suka rasu. A watan Yunin 2024 irin haka ta auku a Galadima Kogo, ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja, bayan ruwan sama mai ƙarfi. Mu a Baure da Zango da Daura, inda rani ke kwashe samari zuwa duk inda aka ji ƙamshin kuɗi, wannan ba labarin wasu ba ne.

Abin da ake ji a zaman makoki guda ne: kwanansa ya ƙare, kuma ya yi shahada. Gaskiya ne, ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) ya lissafa wanda gini ko ƙasa ta danne cikin shahidai. Sai dai wannan bushara ce ga mamaci da iyalinsa, ba takardar wanke mai rami ba. Wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ma shahidi ne, kuma ba mu ji malamin da ya ce an yafe wa makashinsa ba.

Akwai hadisi na biyu da masu ɗan karatu ke fakewa da shi, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, mai nuna cewa ɓarnar dabba da rijiya da ramin ma'adinai jubar ce, wato babu diyya a cikinta. Malamai sun ɗora shi ne a kan wanda ya haƙa inda shari'a ta ba shi dama, ya ɗauki baligi mai hankali wanda ya san hatsarin aikin, kuma bai yi sakaci ba. Imam Malik, a babin diyya na Muwaɗɗa, ya lamuntar da wanda ya haƙa rijiya a hanyar Musulmi inda ba a yardar masa ba. Ya kuma lamuntar da babban da ya umarci yaro ya sauka rijiya ko ya hau dabino har ya halaka. To, a dubi su wa ake zurawa cikin ramukan nan da igiya: sau da yawa yara ne, domin jikinsu ne ke iya ratsa ƙuncin ramin.

Sakaci kuwa a wannan sana'a sananne ne, ba gaibu ba. Rami ba tokarar katako, ana ci gaba da sarar ginshiƙin ƙasar da ke riƙe da rufinsa saboda an hango zinare a jikinsa. Ana komawa aiki ƙasa tana jiƙe da ruwan damina. Ana kunna injin jan ruwa ko janareta a ciki, hayaƙinsa yana tara iskar kabon monoksaid wadda ba ta da launi ba ta da wari. Mutum ya ji ciwon kai da kasala, ya zauna hutawa, bai tashi ba. Ita ce ta kashe mafi yawan mutum 301 da suka rasu a mahaƙar kwal ta Soma a Turkiyya cikin Mayun 2014, bayan gobara ta tashi a ƙarƙashin ƙasa. Masu haƙar rijiya na da suna zura fitila kafin mutum ya sauka, idan ta mutu su san iskar ba ta shaƙuwa. Wannan ilimi ne, ko da yake a ramin kwal harshen wuta kansa hatsari ne, don akwai iskar da ke kamawa ta fashe.

Saboda haka idan mai rami ya ga tsaga a bango ya ɓoye, ko ya ƙi sayen katako don kada riba ta ragu, ko ya tura yaro, a ganina ya fita daga inuwar wancan hadisi, kuma magada suna da damar kai shi gaban alƙali. Buhun shinkafar da ake aikowa ranar sadakar uku sunansa ta'aziyya. Diyya haƙƙin magada ce, har da marayun da ba su balaga ba, waɗanda babu kawu ko mai unguwar da ke da ikon yafe rabonsu don kunya ko zumunci.