Abin da ya kamata ku sani: Me ya sa wasa ke cijewa a kwamfuta?

A ce matashi ne a Babura ya yi tarin kuɗi, ya je Titin Beirut a Kano ya sayo laftof ta hannu mai RAM 8GB, ya zuba mata FIFA 23. Da farko komai lafiya lau. Can ɗan wasansa ya ɗauko ƙwallo zai shiga da'ira ta 18, sai hoto ya daskare, kafin ya dawo an ƙwace ƙwallon. Galibi ba bairos ba ne. RAM ce ta cika, kwamfutar ta koma cin bashi.

Bashin me?

Ku dubi mai tireda. Kayan da ake yawan nema suna kan kanta, hannu kawai zai miƙa. Ragowar suna sito a baya. RAM ita ce kanta, faifan ajiya kuma sito. Idan kanta ta cika, kwamfuta takan yanki wani sashe na faifan ta riƙa jibge abin da ba ta buƙata nan take. Wannan sashe shi ne suwaf, wato ma'adanar aro. A Windows sunansa pagefile.sys.

Matsalar ita ce tafiyar. RAM irin DDR4 tana iya kai bayanai kusan 20GB a daƙiƙa ɗaya. Faifan SSD na SATA bai wuce 550MB ba, tsohon HDD mai juyawa kuwa da kyar yake haura 100MB. Duk lokacin da wasa ya nemi abin da aka kai sito, dole ya tsaya jira. Jiran nan shi ne cijewar.

FIFA 23 na buƙatar aƙalla 8GB. Windows na cin rabonta, kuma a laftof marar katin hoto na musamman, sashen hoto ma daga RAM ɗin yake ɗiba.

Ta yaya za ku gane?

Ana cikin wasa, ku danna Ctrl, Shift da Esc tare, ku shiga Performance. Idan Memory ta kusa cika, Disk kuma yana kan 100%, to cikar RAM ce matsalar. Idan akwai sauran wuri amma ana cijewa, ku zargi zafi, musamman a watan Afrilu da Mayu, ko ƙurar hunturu da ta toshe fanka.

Me za ku yi?

Kada ku kashe suwaf. Wasu na ba da wannan shawara, amma in RAM ta cika babu wurin juyewa, wasan rufe kansa zai yi. Da babu gara ba daɗi.

Ku bar Windows ta riƙa auna girman suwaf ɗin da kanta, ku dai bar mata sarari a faifai. Idan kwamfutar na da faifai biyu, a sa shi a kan SSD. Kafin fara wasa, a rufe Chrome da sauran manhajoji, a kuma rage ingancin hoto a saitin wasan.

Masu Linux, irin ɗaliban kwamfuta a Kazaure, suna da saitin swappiness, wanda yawanci ke zuwa a 60. Sauke shi zuwa 10 na rage saurin kai kaya sito.

Wayoyi fa?

Dabarar ɗaya ce. Kwalin Tecno ko Infinix da aka rubuta 8GB+8GB, takwas ɗin farko ne na gaske, na biyun daga ma'ajiyar wayar aka aro. Samsung na kiran nata RAM Plus. Dabarar tana taimaka wa manhajoji su zauna a buɗe, amma ba ta ƙara wa wasa gudu.

In muka koma kan laftof, mai 'yan kuɗi a hannu ya fara tambayar mai gyara ko laftof ɗinsa na da gurbin ƙarin RAM, domin wasu an manne tasu da allon cikin kwamfutar. In akwai, ya kai ta 16GB, sannan ya musanya HDD da SSD. Zanen aro dai ba ya rufe katara.