Siffofin Lamba Mai Alƙaluma Ashirin da Amfaninta Wajen Koyar da Lissafi

Gabatarwa

Ɗalibi kan haddace sunayen dubu da miliyan da biliyan ba tare da ya fahimci yadda babbar lamba take ginuwa ba. Saboda haka muka zaɓi lamba ɗaya domin nuna cewa, komai girman lamba, ana iya gano halinta da ƙa'idojin da aka koya tun a firamare. Lambar ita ce 18,446,744,073,709,551,615.

Asalin Lambar

Ibn Khallikan, masanin tarihi na ƙarni na 13, ya kawo labarin mutumin da ya ƙago wasan shaɗaranji, wani nau'in dara mai gida 64. Da sarki ya ce ya faɗi ladansa, sai ya roƙi ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, ana ninkawa har gida na ƙarshe. Jimillar ƙwayoyin ita ce wannan lamba. Ana kuma samun ta idan aka jera 2 har guda 64, aka ninka su da juna, sannan aka ɗebe 1. Da za a ƙirga ƙwaya ɗaya a kowace daƙiƙa, sai an shafe shekara fiye da biliyan 584 kafin a gama.

Siffofinta

Na farko, ta ƙare da 5, don haka mara ce, kuma 5 tana raba ta ba saura. Na biyu, idan aka tara alƙalumanta ashirin za a sami 87. Da yake 3 tana raba 87 amma 9 ba ta raba shi, to haka lamarin yake ga uwar lambar. Na uku, gidan ƙarshe kaɗai yana ɗauke da ƙwaya 9,223,372,036,854,775,808, wato ya ɗara jimillar gidaje 63 da suka gabace shi da ƙwaya ɗaya tak. Ɗalibi zai iya tabbatar da wannan a gidajen farko: 1 da 2 da 4 sun ba da 7, gida na huɗu kuwa 8 ne.

Na huɗu, akwai lambobin da ba mai raba su sai 1 da su kansu. Guda bakwai daga cikinsu ne tubalan da suka gina lambarmu: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417. Biyu daga ciki suna da tarihi. Masanin lissafi Fermat na Faransa ya zaci 4,294,967,297 ba ta rabuwa, sai a 1732 Euler ya nuna cewa 641 sau 6,700,417 ce. Da yake kowane tubali sau ɗaya ya fito, lambobin da ke raba lambarmu daidai guda 128 ne. Har ila yau, ita ce lamba mafi girma da kwamfuta ke iya rubutawa a gurbi 64 da alƙaluman 0 da 1.

Shawarwari

Ƙidayar gargajiya ta tanadi dubu da zambar dubu, ta zamani kuma ta aro miliyan da biliyan da tiriliyan, amma wannan lamba ta haura tiriliyan sau miliyan 18. Muna ganin ƙirƙiro sababbin sunaye ba shi ne abin gaggawa ba. Ya fi dacewa manhaja ta daidaita kalmomin ninkawa da rabawa da saura da cika da mara, domin kada kowane littafi ya zo da nasa. Malami kuma ya zana gida goma a ƙasa, ɗalibai su zuba tsakuwa ko ƙwayar dawa har su kai jimillar 1,023, sannan su yi hasashen abin da zai biyo baya. Ɗalibin da ya gane ƙa'idar a gida goma ba zai razana da gida 64 ba.